Wata Uku A Asibitin Mishan: Zama Suka Fi Mu

Ranar da na shaida wa Kawu cewa zan tsallaka Nijar in yi aikin sa-kai a wani asibitin mishan, alwala yake yi a ƙofar gida. Bai tanka ba sai da ya wanke ƙafar hagu ya ajiye buta. Sannan ya ɗago ya ce, "Kai yaro, duk asibitocin garin ga ba su ishe ka ba, sai na Nasara? Mi sunka ba ka?" Na ce, "Kawu, ba su ba ni komi ba, kuɗin mota ma ni zan biya." Ya ce, "To wanga shi ya fi ban tsoro. Zama da maɗaukin kanwa shi ka kawo farin kai." Ya zura takalmi ya wuce masallaci.

Ni ma'aikacin jinya ne, haifaffen Sakkwato, Musulmi ɗan Musulmi. Kwantiragin da nake yi ya ƙare ana tsakiyar damina, sai wani abokin karatuna da ke aiki can ya ce suna neman hannu, domin lokacin zazzaɓi ne, yara sun cika gadaje. Wata uku na yi. Tun da na dawo nake shan tambaya ɗaya a majalisa da wurin aiki: ya dace Musulmi ya ba 'yan mishan ƙarfinsa kyauta? Hukunci gonar malamai ce, ba zan shiga ba. Abin da nake da shi shi ne abin da idona ya gani, da ra'ayin da na dawo da shi. Mun daɗe muna kallon wa'azinsu, mun manta da kallon abin da ke sa a saurare su. Ba su fi mu tausayi ba, ba su fi mu kyauta ba. Zama suka fi mu.

Bari in fara da abin dariya. Inna ta haɗa mini guzuri kamar mai tafiya Makka a ƙasa: kilishi, yaji, man shanu, har da bargo. Alhali ƙasar wajen da ake magana, ka bi ta Kware da Gwadabawa ka kai Illela, kafin rana ta take kana Birnin Konni. Hausa ɗaya, fura ɗaya, "lahiya lau" ɗin ma irin tamu. Amma ranar farko ta nuna mini baƙo baƙo ne. Mai ƙosai ta ce mini dala ashirin, na tsaya ina zare ido ina lissafin kuɗin Amurka, ashe dala a wurinsu sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari ke nan, jika kuma sefa dubu. Na ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ni asibiti, ya ce, "Likita kaka nuhi?" Su ginin suke kira likita. Makaranta lakwal, malaminta mushe, zazzaɓin cizon sauro palu, takardun magani duk da Faransanci. Mako na farko sai da wani yaro mai share ɗaki ya zama malamina.

Safiya ita ta fi ba ni wuya. Ƙarfe bakwai da rabi ma'aikata kan taru a wata rumfa su yi addu'ar safe kafin a buɗe ƙofa. Waƙoƙinsu da Hausa, karatunsu da Hausa, daga Littafi Mai Tsarki da aka gama fassarawa cikin harshenmu tun 1932. Na taso ina ɗaukar Kiristanci abin Turanci ne, abin baƙi. Sai ga ni ina jin "Ubangiji" da "alheri" da "gafara" da "amin" daga bakin mutane masu tsagar Gobirawa a fuska. Wani abu ya tokare mini ƙirji, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa shiga rumfar ba, ba kuma wanda ya ce in shiga. Lokacin nake ɗauka in jera allurai da audugar wanke ciwo. Da azahar in ɗauki buta in bi sahun 'yan jinya a gindin wani dogonyaro inda aka kewaye fili da duwatsu, mu Musulmin da ke cikin ma'aikata mu karɓi juna a bakin aiki har kowa ya yi sallarsa.

Akwai mai bishara, aikinsa ke nan, zaga ɗakunan majinyata. Yakan gaishe da mutum, ya yi masa ya jiki, ya tambaya ko a yi masa addu'a. Wasu su ce a yi, wasu su juya fuska bango, shi kuma ya wuce gado na gaba. Duk wanda ya ce maka asibitin mishan magani kawai yake bayarwa ya rage maka zance, su kansu ba su taɓa faɗin haka ba. Addininsu ya kawo su, sun ma rubuta a bango da manyan baƙaƙe. A zamana dai ban ga an jinkirta wa wani allura don ya juya fuska ba. Na kuma ga mai bisharar nan ya naɗe hannun riga da tsakar dare an ɗebi jininsa an ƙara wa wani yaro da zazzaɓi ya shanye, lokacin da uban ya ce shi jininsa na noma ne. Washegari aka ɗebi nawa aka ba wani.

Wata tsohuwar Baturiya ce ta jefa ni cikin wannan tunani, ba ta kuma san ta yi ba. Ungozoma ce, ta haura shekara ashirin a wurin, mutanen gari Kaka suke ce mata. Hausar Adar take yi, in ka ji ta bayan labule ba ka cewa farar fata ce. A mako na biyu aka kawo wata mai naƙuda a amalanken jaki, haihuwa ta bakwai. Ni ina ta sauri in auna jini in sa ruwa, ita kuwa ta tsaya ta ƙare wa matar kallo ta ce, "Ke ba ke ce ɗiyar mai gishiri ba? Ina ɗan da munka sha wuya da shi?" Ta shiga ɗakin ajiya ta fito da wani kati da ya yi launin ƙasa don tsufa. A ciki an rubuta cewa matar ta zubar da jini sosai a haihuwa ta uku da ta biyar. Nan take ta sa aka kira dangin da suka rako ta aka gwada jininsu, aka tanadi leda biyu tun naƙuda ba ta yi nisa ba. Bayan la'asar ɗa ya faɗo, jini ya ɓalle kamar yadda ta zata. Da sai a lokacin za a fara neman mai bayarwa, da gawa aka mayar a amalanken.

Ni da takardar shaidata da saurin hannuna ba ni da abin da ya ceci matar nan. Ba a koyar da shi a makarantar jinya. Sai ka zauna a gari ɗaya har ka karɓi haihuwar waɗanda ka karɓi haihuwarsu, ka san wane gida ke ɓoye tari, wace rijiya ke kawo gudawa, wane dattijo ne in ya ce a kai yara rigakafi za a kai.

Akwai kuma wasu irin baƙin, na mako biyu. Su suka fi kama da ni, wataƙila shi ya sa suka fi ba ni haushi. Samari da 'yan mata daga Turai da Amurka, zuciya ɗaya, waya a hannu, kwana uku da sauka sun gama gane Afirka. Ɗaya ta ce mini abin da ya burge ta shi ne mutanen nan ba su da komai amma kullum cikin murmushi. Na rasa ta inda zan fara. Murmushin nan kara ce da girmama baƙo. Bahaushiya ɗanta na fari na kwance rai a hannun Allah, alkunya ba za ta bar ta ta zubar da hawaye gaban mutane ba, ko sunansa ba za ta faɗa ba. Wanda bai san wannan ba sai ya rubuta wa gida cewa ya ga mutane masu farin ciki. Wani kuma ya ɗauki hoton yaro mai tamowa ba tare da ya nemi izinin uwar ba, Kaka ta tsaya a kansa sai da ya goge. Na yi ta jin daɗin hakan har ranar da na koma na karanta saƙonnin da na tura wa abokaina ta WhatsApp a makona na farko. Ni ma na yanke wa kowa hukunci: wannan waliyyi, wancan mafarauci. An ce baƙo makahon gari ne, kuma bai cika sanin bai gani ba.

Wannan zaman da nake magana ba yau ya fara ba, tarihin garinmu ma shaida ne. A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, Lugard ya yi alkawarin gwamnatinsa ba za ta taɓa addinin jama'a ba. Da wannan alkawari aka tsare 'yan mishan daga masarautu shekara da shekaru, sai ɗaiɗaiku irin Dakta Miller a Zariya. Ƙungiyar 'yan mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda ta faro a 1893, mutum uku ta fara turowa, kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu. Ba su fasa ba. To ta ina suka shigo ƙasar Sakkwato? Ta ƙofar kutare. A shekarun 1930 aka danƙa musu zangon kutare na Amanawa nan kusa da mu, da na Babbar Ruga a Katsina, da na Yadakunya a Kano. Aikin da kowa ke kawar da kai daga gare shi, wanke gyambo, ciyar da wanda yatsunsa suka gundule, su suka ce a ba su. Daga baya aka buɗe asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a Nijar a 1950, wanda har yau mutanenmu na bakin iyaka ke tsallakawa don a yi musu aiki.

A nan Kawu yana da gaskiyarsa, ba kuma ƙarama ba. Wasu daga cikin waɗanda suka yi jinya ko suka tashi a irin waɗannan zangunan sun karɓi Kiristanci. Mai ciwo ba shi da ƙarfin musu, kuma da wuya ka ce a'a ga hannun da ya wanke maka miki lokacin da danginka suka ware maka ƙwarya. Saboda haka akwai iyaka biyu da nake ganin bai kamata kowa ya tsallaka ba, ko Kirista ko Musulmi: kada magani ya zama ladan sauraron wa'azi, kada kuma a yi wa yaro wa'azi bayan idon iyayensa. Inda aka tsallaka su, a yi magana da babbar murya, hukuma ta shiga. Amma mutumin da ya bar ƙasarsa da danginsa don abin da ya yi imani da shi bai yi mini laifi ba. In namu ne ya yi haka, da'awa muke kiransa, mu yi masa addu'a. Tambayar da ta fi ci mini rai ita ce, lokacin da ake neman mai wanke gyambon kuturu a Amanawa, ina muke?

Akwai wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da SIM ta kai Maraɗi a farkon shekarun 1980. Ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa, iska da awaki da fari suna cinyewa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa a gona ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku ka bari, ka datse sauran, cikin 'yan shekaru itace ya tashi. Manoma suka kira wannan dabara sassaben zamani, suka ɗauka suka yaɗa wa juna, har ake ƙiyasin kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Dabarar ba ta da wuya, kakanninmu ma sun san amfanin barin gawo a gona. Sai da ya zauna ya faɗi ya sake faɗuwa a wuri ɗaya kafin idonsa ya buɗe, kuma ya ƙara fiye da shekara 15 a ƙasar kafin ya tafi. Da mako biyu ya zo yi, da ya dasa dubu, ya ɗauki hoto, ya koma gida da labarin nasara.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu ba baƙin wannan aiki ba ne. Rufaida Al-Aslamiyya tanti ta kafa a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da hannunsa ya yi rubutu kan magani, har da na basur da na ciwon ido, kuma da matafiyin nan ɗan Birtaniya, Clapperton, ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a turo masa likita. Bai ji tsoron likitan Nasara zai rushe masa daula ba. Nana Asma'u kuwa jajoji ta naɗa, ta ɗora musu malfa, suka riƙa takawa daga ƙauyuka suna ɗaukar karatu suna mayar wa matan karkara, ba albashi ba alawus, har ƙungiyar tasu ta 'yan taru ta wanzu bayan rasuwarta a 1864. Wannan gadonmu ne, a nan garin aka yi shi.

Wani zai ce ai muna da 'yan agaji. Muna da su, Allah Ya saka musu. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala su ke tsayuwa a rana ranar Idi, su ke ɗaukar tsofaffi a sansanin alhazai, su ke fara isa wurin haɗarin mota. Sai dai aikinsu yawanci na taro ne, in an watse su ma su watse. Masu kuɗinmu ma ba su gaza ba, da azumi buhu ke fita ta kowace ƙofa. Mun iya bayarwa, mun iya gini. A layi ɗaya sai ka ƙirga masallaci uku, kowanne da tayil da lasifika, amma ka yi tafiyar awa ɗaya daga birni ka tarar da ɗakin shan magani da fenti sabo da kwaɗo a ƙofa, mai naƙuda sai dai a ɗora ta a babur.

Ban ware kaina ba. Farkon fara aikina an tura ni wani ƙauye, ban cika wata biyar ba na yi ta bin manya da gaisuwa har aka dawo da ni birni. Dalilaina a lokacin masu kyau ne: ba ruwa, ba wuta, ɗakin kwana na yoyo, ga aure a gaba. Ranar da Kaka ta fito da katin nan sai na tuna ko sunan mai garin ban riƙe ba. Na kuma san yau lamarin ya fi haka muni. Wanda aka tura Sabon Birni ko Isa ko Goronyo ya ce yana tsoron 'yan bindiga ba ragwanci yake yi ba, ba kuma ni da bakin da zan ce wa ɗan wani ya je ya kwana can. Su ma 'yan mishan abin bai bar su ba, a 2016 aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak ta Nijar bayan ya daɗe yana zaune a cikin mutanen garin, sai 2023 aka sako shi. Amma garuruwa nawa ne lafiya lau, ba ɗan bindiga ko ɗaya, da ma'aikacinsu ke zuwa ranar kasuwa kawai?

Da na bincika yadda Kaka ta iya zama shekara ashirin, sai na ga ba waliyyantaka ba ce kawai. Akwai majami'u a ƙasarta da suka ɗauki nauyinta, talakawa ne ke tara ɗan abin da suka samu duk wata, shekara bayan shekara, don ta ci ta sha ta sami ɗaki mai rufi da rijiya kusa. Ba ta tunanin inda albashin gobe zai fito. Wannan tsari muna da sunansa a addininmu tun kafin su, waƙafi. Jiharmu ma tana da hukumar zakka da waƙafi. Me zai hana masallacin Juma'a guda a birni ya ɗauki ƙauye guda, ya ɗauki ungozoma ko nas ɗan yankin, ya gina masa ɗaki, ya ƙara masa wani abu a kan albashinsa, da sharaɗin shekara biyar ba neman canji? A riƙa karanta rahotonsa bayan sallar Juma'a kamar yadda ake karanta kuɗin da aka tara na gini: haihuwa kaza, yara kaza aka yi wa rigakafi, mutum kaza aka tura babban asibiti a kan lokaci. Matasanmu masu son sa-kai kuma, maimakon mu tsorata su, a bar wanda ya san addininsa ya je ya ga yadda ake ajiye kati da yadda ake karɓar aiki a kan lokaci, ya dawo da shi gida.

Da na dawo, Kawu bai tambaye ni marasa lafiya nawa na duba ba. Ya ce, "Sun yi maka wa'azi?" Na ce sun yi. Ya ce, "Salla fa?" Na ce ko ɗaya ba ta kuɓuce mini ba. Ya gyaɗa kai, ya ce in kai wa Inna tsarabar albasa.

Shi ne ma'ajin kwamitin masallacin unguwarmu, don haka bayan sati biyu na kai musu maganar ɗaukar ƙauye. Na tarar suna kan batun sauya tayil ɗin harabar da sayen sabon inji. Liman ya ce shawara ce mai kyau, a bari bayan Salla. Wani Alhaji ya ce ai wannan aikin gwamnati ne. Kawu bai ce komai ba sai da muka fito muna neman takalma, ya ce, "Maganar baki ba ta shiga littafin kuɗi. Rubuto mini, ɗaki nawa, albashi nawa, wane gari, kuma wa za shi zauna." Na rubuta uku na farko a daren. Na huɗun na bar shi fili, na kai masa haka. Ya duba, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce in na cike gurbin in zo in karɓa in sa hannu.